Agogon Burkusuma Da Kujerun Da Muke Zubarwa

Na san tun kafin a kai ƙarshen wannan shafi za a samu wanda zai ce wannan malami ba shi da aikin yi. Ana kashe mutane a ƙasar Gobir, ana sace matan aure, manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, shi kuwa ya miƙe ƙafa yana rubutu a kan tsofaffin kujeru da agogo mai tsuntsu. Na karɓi wannan zargi tun ba a yi shi ba, kuma zan dawo kansa. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne ya yi haƙuri ya ji yadda maganar ta taso, domin ba daga littafi na ɗauko ta ba, daga bayan wata motar a-kori-kura na sauke ta.

Ni mutumin Burkusuma ne, a ƙaramar hukumar Sabon Birni. A shekarar 2021, wato shekarar da aka kai hari sansanin jami'an tsaro na garinmu, aka kuma rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, ƙanena ya ga zama ba zai yiwu ba, ya kwaso mahaifiyarmu da sauran iyali zuwa Sakkwato. Duk wanda ya taɓa barin gida a irin wannan hali ya san ba zaɓen kaya ake yi ba, abin da hannu ya kai gare shi ake ɗauka. Mota ɗaya ce, ga buhunan gero, ga tufafi, ga yara. Tsohuwa ta ce ba za ta hau ba sai an ciro agogon Malam daga bangon zaure. Aka ciro shi, ta naɗe shi da zanenta, ta rungume shi har Sakkwato. Daga cikin kujeru huɗu na mahaifinmu, biyu ne suka samu wuri a saman kaya. Gadonta na ƙarfe mai rumfa, wanda aka kai ta ɗaki da shi, aka bar shi, daga baya muka ji 'yan gwangwan sun auna shi a kilo.

Bari in fara da kujerun. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin elemantare ne a zamanin En'e, kuma a ƙarshen shekarun 1950 ya samu waɗannan kujeru daga hannun kafintocin Sakkwato. Na maɗaci ne. Hannuwansu masu faɗi ne, ana iya aza kofin shayi ko littafi a kai. Bayansu ya ɗan kishingiɗa, an jera masa siraran katakai da tazara yadda iska za ta ratsa. Ƙafafun sun tsuke daga ƙasa, sun ɗaga kujerar sama sosai, tsintsiya na shiga, kunama ba ta samun maɓoya, gara kuma in ta fara hawa ana ganinta. Kushin biyu ne a kowace kujera, na zama da na jingina, an cusa musu rimi, ana cire su a shanya a rana, in rigarsu ta tsufa tela ya ɗinka wata. Babu ƙusa ko ɗaya a gaɓoɓin. An fiƙe wa kowane katako harshe, an shigar da shi cikin ramin da aka fafe a jikin ɗan'uwansa, aka danne da ɗan turken itace. Fiye da shekara sittin ke nan, sun ga zaman sulhu, sun ga ɗaurin aure, jikoki sun yi doki da su, sun sha hanyar Gwaranyo a saman buhu, amma da na zauna a kan ɗaya ko ƙara ba ta yi ba.

A falon da na ajiye su akwai wasu kujeru da na saya da gumina, irin waɗannan masu ruwan zinare da rawani a ka, waɗanda mutum huɗu ke nishi kafin su ɗaga guda. Ba su kai shekara biyar ba fatar jikinsu ta fara saɓulewa kamar maciji ya yi zane. Da ruwa ya taɓa shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, ƙafafun suka kumbura suka fashe, a nan na gane ashe ba katako ba ne, garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai kama da itace. Na kira kafinta, ya duba ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, wannan ai ba a gyara shi, sai dai a sake." Wannan kalma ta "sai dai a sake" ita ce ta hana ni barci, domin na lura ta zama amsar da muke bai wa kusan komai.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, irin ƙirar kujerun mahaifina tana da suna da daraja a duniya. Salo ne da ya bunƙasa a tsakiyar ƙarni na 20, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masu zana kayan ɗaki a Turai da Amurka suka gaji da kayan sarakai masu nauyi da tarin ado, suka koma ga abu mara nauyi, mai sauƙin yi da yawa, wanda kyansa ke cikin tsarinsa da ƙwayar itacensa. A Denmak akwai Hans Wegner, ɗan wani mai ɗinkin takalma, wanda ya fara da koyon kafinta tun yana yaro. Kujerar da ya zana a 1949 ita ce Kennedy da Nixon suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960, kuma har yanzu ana yin ta. A Amurka akwai Charles Eames da matarsa Ray, waɗanda suka gano dabarar lanƙwasa siraran falankai da aka manne, suka fito da shahararriyar kujerarsu ta hutawa a 1956. Wannan iska ta kaɗo har ofisoshin gwamnati da gidajen ma'aikata da makarantun Jihar Arewa, inda kafintocinmu suka karɓe ta suka daidaita ta da zafin ƙasarmu.

Wani zai ce to ai kayan Turawa ne, mene ne namu a ciki, ko kewar mulkin mallaka ce ta motsa? Amsar tana cikin itacen da hannun. Da yawa daga cikin katakon da masana'antun Ingila suka yi kayan ɗaki da shi a wancan zamani daga dazuzzukan Afirka ta Yamma ya fita. A Safele, can cikin Jihar Delta ta yau, kamfanin African Timber and Plywood ya kafa ɗaya daga cikin manyan masana'antun katako na duniya, har ma akwai wani irin itace da kasuwar duniya ke kira da sunan garin. Kujerar da ke falona kuwa, maɗacin ƙasar Hausa ne, Bahaushe ya yanke shi, Bahaushe ya fafe shi. In an ce ba tamu ba ce saboda wani ya fara zana siffarta, to sai mu mayar da keken ɗinki da hular dara da shayi ma. Kuma muna da namu gwanaye da suka ɗauki wannan tunani suka wuce da shi gaba. Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a kwalejin Zariya a ƙarshen shekarun 1950, ya shafe rayuwarsa yana gini da ƙera kujeru da kayan ƙasar nan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin masu zanen gine-gine a birnin Venice na Italiya a 2023. Ɗaliban Zariya nawa ne yau suka san sunansa?

Akwai labarai biyu da nake so kowane babban sakatare da kowane shugaban makaranta a Arewa ya sani. Na farko daga Indiya. Bayan raba ƙasar a 1947, Firayim Minista Nehru ya sa aka gina sabon birni mai suna Chandigarh. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Le Corbusier da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret, da Maxwell Fry da Jane Drew, mata da mijin da suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Badun. Jeanneret ya zana dubban kujeru da tebura na katako da saƙar kara domin kotuna da ofisoshi da ɗakunan karatu, kafintocin Indiya suka ƙera su. Da shekaru suka ja, sai ma'aikata suka ga sun tsufa, aka jibge su a bayan ofisoshi da saman rufi, rana da ruwa na dukansu, wasu aka yi gwanjonsu a kuɗin itacen wuta. Daga ƙarshen shekarun 1990 dillalan kayan tarihi daga Faransa suka riƙa zuwa suna saye. Suka gyara, suka kai gidajen gwanjo na Faris da Landan da Niyok, inda kujerar da aka yar a bola ta riƙa tashi a kan dubban daloli. Sai a 2011 gwamnatin Indiya ta hana fitar da su, bayan an riga an kwashe masu yawa. Ihu bayan hari.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, domin a Yamai ya faru. A 1949 aka kafa wani gida a can wanda Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera da ƙarfe da goran-ruwa a masana'antarsa ta Faransa, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa a jirgin sama aka haɗa. An tsara shi yadda iska mai zafi za ta riƙa fita ta tsakiyar rufi. Aka kafa wasu biyu irinsa a Brazzaville a 1951. Gidajen suka yi shekara hamsin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Wajen shekarar 2000 wani dillali Bafaranshe mai suna Eric Touchaleaume ya saye su, ya kwance su, ya mayar da su Faransa. A 2007 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin na Brazzaville a Niyok a kan kusan dala miliyan 5. Wurin da na Yamai ya tsaya, daɓen siminti aka bari. Ba na kiran mutumin nan ɓarawo, saye ya yi, masu shi suka sayar suna murna. Abin da ya fi su da shi kawai shi ne ya san abin da yake kallo.

To, mu a nan me muke yi? Na yi aiki a wata ma'aikata inda aka yi sabon shugaba, ya shigo ya ce ofis ɗin ya yi kama da na zamanin Sardauna, kamar wannan abin kunya ne. Cikin mako biyu aka fitar da tebura da kujeru da kabad-kabad na katako mai nauyi, waɗanda aka buga wa lambar gwamnatin Jihar Arewa a ƙasansu, aka tara su a gindin dalbejiya. Damina ɗaya ta wuce a kansu. Masu gadi suka ji ɗumi da wasu a lokacin hunturu. Aka kawo na garin katako a madadinsu, waɗanda kafin in bar wurin an sake su sau biyu. Kowa ya san dalili, ba sai na faɗa ba. Gyaran tsohon tebur aikin kafinta ne na kwana biyu, sayen sabo kuwa kwangila ce, kuma kwangila tana da 'ya'ya.

Doka ma ba ta taimaka ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ce aikin hannu na gida yana shiga sahun kayan tarihi ne idan an yi shi kafin 1918, ko kuma idan an yi amfani da shi wajen wani biki na gargajiya. Ke nan teburin da aka rattaba hannu a kan takardun mulkin kai a kansa, da bencin kotun alƙali, da kujerun majalisar En'e, ba su da wata kariya bayyananniya. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, ya adana wasu daga cikin kayansa, kuma madalla da haka. Amma Sardauna ba shi kaɗai ya zauna a kan kujera ba. Sa'an nan a tuna itacen ma ƙarewa yake yi. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, an yi ta sare ta daga Taraba da maƙwabtanta ana lodi zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017. A ƙasarmu ta Gobir kuwa, maɗacin da zai ba da falanki mai faɗin hannun kujerar mahaifina sai an tona. Wanda ya ƙona tsohon tebur yau, ya ƙona itacen da ba zai iya saye ba gobe ko da kuɗinsa.

Yanzu ga agogon. Mahaifina ya saye shi a gwanjon kayan wani Bature da zai koma gida. Ƙirar Jamus ne, daga yankin da suke kira Baƙin Daji, inda aka shahara da wannan sana'a tun ƙarni na 18. Siffarsa ta ɗan gida ce, da 'yar taga a sama. Duk sa'a tagar za ta buɗe, wata 'yar tsuntsuwa ta katako ta leƙo, ta rusuna, ta yi kuka adadin ƙarfen da aka buga, ta koma ta rufe. Mu dai kurciya muke ce mata. Yaran unguwa kan taru a ƙofar zaure kafin sha biyun rana, domin a lokacin ne take daɗewa a waje, kuma akwai tsohuwar da har ta rasu ba ta yarda ba aljani ba ne. Ba batir, ba lantarki. Wasu ƙarafa biyu masu nauyi ne ke rataye da sarƙa, saukarsu a hankali ita ke juya faya-fayai masu haƙora a ciki, kowace safiya Malam ya ja sarƙar ya mayar da su sama. Kukan kuwa daga wasu 'yan zuga-zugi biyu yake fita, irin na maƙera amma ba su fi ɗan yatsa ba, kowane yana hura iska cikin 'yar sarewar katako, ɗaya siririyar murya, ɗaya mai kauri.

Wannan 'yar tsuntsuwa tana da dangi manya. Abin da Turawa ke ji da shi yau na mutum-mutumi masu motsi da magana, wanda kamfanin Disney ya fito da shi fili a 1963 da wani ɗaki na tsuntsayen inji masu waƙa, ya kuma biyo da siffar Shugaba Lincoln mai tashi tsaye ta yi jawabi a bajekolin Niyok na 1964, tsohuwar sana'a ce da aka sa wa lantarki. Tun a 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Diyarbakir a Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa da ya bayyana na'urori hamsin da yadda ake ƙera su. A ciki akwai agogon giwa mai aiki da ruwa, wanda duk rabin sa'a tsuntsu ke juyawa a samansa, ƙwallo ya faɗa bakin maciji, mahayin giwar ya buga. An gina kwaikwayonsa a wata babbar kasuwar Dubai mai sunan Ibn Battuta. Ina mamakin alhazanmu nawa suka wuce ta gabansa a kan hanyarsu ta zuwa sayen kujeru masu ruwan zinare. Hukuncin siffofi kuwa na bar wa malamai, ni a kan ilimin da ke cikin cikin abin nake magana, wato nauyi da ma'auni da haƙoran ƙarfe, wanda shi ne dai ilimin injin ban-ruwa da injin niƙa.

Irin waɗannan na'urori suna da wata ɗabi'a: zama ne ke kashe su, ba aiki ba. A gidan tarihi na Bowes da ke arewacin Ingila akwai wata agwagwar ruwa ta azurfa da aka ƙera a 1773, mai juya wuya ta sunkuya ta kama kifi. Ta yi shekaru ana wana ta, amma da aka rufe gidan a lokacin annobar korona a 2020 aka daina, sai ta sandare. Sai da aka tara kuɗi, aka kira gwanayen agogo, aka kwance ta aka gyara a gaban masu koyo, ta koma aiki a 2024. Haka agogonmu ya yi. Tun rasuwar Malam ba wanda ya riƙa jan sarƙar, ƙura ta haɗu da tsohon mai ta zama ƙullu, kurciya ta yi shiru.

Na yi wata uku ina neman mai gyara a Sakkwato. Masu shagon agogo na yanzu batir suke sakewa da maɗauri. Wani ya ba ni shawarar a ƙwaƙule cikin a sa injin batir na Sin, ai ba wanda zai gane. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a gefen tsohuwar kasuwa, shi ma ɗan gudun hijira ne daga ƙasar Isa, yana zaune a kan buhu yana gyaran tocila da cajar waya. Ashe shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo da rediyo da garmaho da keken ɗinki, yana bin kasuwannin ƙauye har cikin Nijar. Na ce, "Baba, ko za ka duba mini wannan?" Ya buɗe bayan, ya kanga kunne, ya taɓa wani fai-fai da tsinke, ya ce, "Ɗana, wanga agogo bai mutu ba, ƙishirwar mai ce da ƙura." Ya kwance shi a kan farin ƙyalle, ya jera kowane ƙarfe bi da bi yadda ya fito, ya wanke su da kananzir da gashin kaza. Zuga-zugin sun ruɓe. Ya aika wurin dukawa aka samo masa fatar ɗan akuya, irin jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta yi suna a duniya, ya kankare ta har ta yi kamar takarda, ya yanka ya manna. Bai taɓa zuwa makaranta ba. Na tambaye shi yaransa nawa suka koyi aikin, ya ce babu. Biyu suna acaba a Legas, ɗaya an kashe shi a gona.

Ga amsata ga mai zargin da na ambata da farko. Ban manta da mutum sama da saba'in da aka kashe a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu na 2020 ba, ko matafiyan da aka ƙona cikin mota a Disamban 2021, ko Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da aka sace aka kashe a 2024, ko dubban 'yan'uwanmu da suka tsallaka ƙasar Maraɗi. Ba na haɗa kujera da rai. Amma idan ana lissafin ɓarnar wannan fitina, gawa da shanu da buhun hatsi ake ƙirgawa, ba a ƙirga maƙerin da ya bar uwar maƙerarsa, da masassaƙin da ya sayar da gizagonsa ya ci abinci, da mai gyaran agogon da ya koma gyaran caja. Ranar da aka samu lafiya, kuma za a samu da yardar Allah, da waɗanne hannuwa za a sake gina garuruwan? Gobirawa sun san ƙaura. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sun watse, suka sake haɗuwa a Tsibiri, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni, kuma abin da ya sa garuruwan suka tsaya shi ne masu sana'a sun tafi da sana'arsu a ka, suka kuma samu waɗanda suka koya wa. Wannan karon sarƙar koyon ce ke tsinkewa.

Kuma batun ya shafi aljihun kowane uba. Mun mayar da kayan ɗaki gasa. Mutum zai sayar da gona ko ya ci bashi ya yi wa 'yarsa gado da sif da kujeru na garin katako, kafin ya gama biyan bashin kayan sun zube. Iyayenmu mata gado ɗaya aka kai su da shi, a kansa suka haife mu, wasu suka bar wa jikoki. Mu 'yan boko mu muka fara wannan gasa, talaka kwaikwayonmu yake yi, saboda haka a falonmu ya kamata gyaran ya fara.

Ba wani abu mai tsada nake nema ba. Gwamnatocin jihohinmu su sa a bi ma'aikatu da tsofaffin makarantu da kotuna da gidajen sauƙar baƙi a rubuta kayan katako da suka rage daga shekarun 1950 zuwa 1970, a ɗauki hotonsu, a hana gwanjonsu sai da sa hannun hukumar tarihi. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato tana iya ware ɗaki guda ta nuna yadda zauren malamin makaranta da ɗakin amarya suke a shekarar samun 'yancin kai, da gadon ƙarfe da jeren kwalla da rediyo da garmaho, kafin 'yan gwangwan su gama da su. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dattawan. A farkon shekarun 1980, da aka kawo tsarin 6-3-3-4, an shigo da injunan koyar da sana'a daga waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu saboda babu lantarki babu malamai. Yau ga malaman nan zaune a kan buhu a bakin kasuwa, ba sa buƙatar lantarki. Me zai hana Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun sana'a na jiha su ɗauki irinsu, ko ba takardar shaida, a ba su ɗan albashi da ɗalibai goma-goma, aikin farko kuma ya zama gyaran kujerun makarantar da ke jibge a sito? Yaron da ya iya yin motar kara mai juya ƙafa da sitiyari tun yana ɗan shekara bakwai, ba basira ya rasa ba.

Ranar da na je karɓar agogon, dattijon ya rataye shi a jikin ƙusar wata rumfa, ya ja sarƙa, ya tura hannun zuwa sha biyu. Taga ta buɗe. Masu wucewa suka tsaya, wani almajiri ya ja da baya ya buya bayan mai rake. Na kai shi gida na rataye a saman kujerun nan biyu, tsohuwa ta zauna ta jira ƙarfe ɗaya ya buga, ta ji, ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Yana rage minti huɗu a kowace rana, na saba gyara shi da labarun safe. Dattijon ya ce in mayar masa da shi kafin hunturu ya shigo ya sake sa masa mai, domin ƙurar Sakkwato ba ta da kirki. Na ce, "A nan zan same ka, Baba?" Ya ce in hanya ta yi kyau, sai dai in bi shi gida.